Direban da Ya Hana a Rufe Sashen Ruwa

Ƙarfe shida da rabi Baba Direba yake isowa ofis. Ya buɗe gaban mota, ya duba mai da ruwa, ya daddanna tayoyi da ƙafa, sannan ya zauna a bencin maigadi yana jiran mu. Shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye makulli.

Lokacin da ya zo, ƙungiyarmu ɗaki ɗaya ce da tebur biyu, aikinmu rabon gidan sauro. Daga baya muka koma haƙar rijiyoyin burtsatse. Sau uku ana canza mana suna, shugabanni bakwai suka zo suka wuce, fayiloli suka koma cikin kwamfuta. Shi dai yakan yi dariya ya ce, "Ku liƙa duk sunan da kuke so a ƙofar mota, ramukan hanya sun san ni."

Shekara huɗu da suka wuce, sabuwar shugaba ta yanke shawarar rufe sashen ruwa, don rahoto ya nuna duk rijiyoyinmu lafiya lau. Ina zaune a bayan mota tare da ita ranar da Baba ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, a yi mini afuwa. Rahoton nan bai taɓa jin ƙishirwa ba. Ki ba ni yini ɗaya."

Ya kai mu ƙauyuka shida. Famfo huɗu a mace. A ƙauyen ƙarshe wata tsohuwa ta ɗago bokitin ruwan kududdufi, ta dubi Baba ta ce, "Ɗana, ka faɗa musu kuwa?" Muka dawo ofis. Ba a rufe sashen ba, sai aka mayar da shi na koya wa matan ƙauye gyaran famfo. Yau mata sama da ɗari ke riƙe da sifana.

Baba, kai ne idon ƙungiyar nan. Kai ne ka san wace rijiya ke ƙafewa da rani, wace jaririya ce yanzu take goyon nata. Mu da takardunmu, kai ka koya mana aikin. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu ƙananan kujeru a manyan ofisoshi, in kun ga gaskiya, ku faɗa wa shugaba ko da hannunku na kan sitiyari.