Labarin Rigakafin Da Ya Ƙi Wucewa

Ko da zan manta duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, ba zan manta safiyar Larabar da na tsayar da wata yarinya gaban aji aka yi mata dariya ba.

Lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Na koma aiki a wata firamare da ke cikin gari, wajen Gobarau, aka ba ni aji biyar. Gidana na Ƙofar Kwaya ya yi mini faɗi. Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka in na dawo daga makaranta ni kaɗai ce, sai rediyon marigayi. Shi ya koya mini sauraren labarai, kuma bayan rasuwarsa nakan kunna ne don dai in ji muryar mutum a tsakar gida.

Wannan ya sa na ɗauki darasin al'amuran yau da kullum da zafi. Sauran malamai ɗan littafin nan na haddar sunayen shugabanni da ranaku suke karanta wa yara su yi ta maimaitawa. Ni kuwa na ce kowane yaro ya zo da labari ɗaya da ya ji a rediyo. Da farko shirme suka riƙa kawo mini. Wannan ya ce akuyarsu ta haihu, wancan ya ce yayarsa ta ƙone da ruwan zafi. Sai na kafa doka, har na rubuta a saman allo: labarin gida ba labari ba ne. A lokacin ji nake na yi dabara.

Akwai wata yarinya siririya mai zama kusa da taga, ba ta da surutu, amma duk ajin babu mai kawo labari kamar nata. Takan faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, har ta ƙara da dalili. Da hedimasta ya ce in zaɓi yara uku da za su wakilce mu a gasar kacici-kacici ta makarantu, sunanta na fara rubutawa. Ta yi murna har ta kasa ɓoyewa. Ta ce mamanta ta yi alkawarin zuwa kallo.

Wata Alhamis ta miƙe ta ce za a fara yi wa yara rigakafi gida-gida ranar Asabar. Na ce madalla. Ran Litinin ta sake faɗin labarin nan, kalma bayan kalma. Na ce mata Asabar ai ta wuce, ta zo da sabo. Ran Talata ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, a gidanmu..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na nuna mata saman allo da sandar hannuna, ta zauna.

Ran Laraba, ranar da zan miƙa sunaye, na kira ta gaban aji. Ta sunkuyar da kai ta ce za a fara rigakafi ranar Asabar. Ajin ya fashe da dariya, wata har tana cewa shaidar da aka shafa wa ƙaninta a yatsa ma ta goge. Raina ya ɓaci, don gani nake girman kai ya shige ta tun da aka zaɓe ta. Na ce tunda ta koma rediyo mai tasha ɗaya, gara ta huta. A gabanta na soke sunanta na sa na wata, na aika da takardar ofis. Ba ta yi kuka ba, kuma wallahi rashin kukan nan ya fi damuna yanzu.

Da aka fita hutun ƙarfe tara na dawo ɗaukar jakata, na same ta ita kaɗai a aji. Na ce, "Ke wai me ke damunki ne?"

Ta ce, "Malama, labarin gida ne."

Na ce ta faɗa.

"Mama ta tahi tun ran Alhamis da marece. Baba ya sallame ta. An kwashe kayanta duka, kuma rediyon nata ne." Sannan ta ce, "Wanga shi ne na ƙarshe da muka ji tare, tana dama koko."

Na zauna a kan bencin yara kusa da ita. Ni da na fi kowa sanin yadda gida yake in aka ɗauke murya ɗaya daga cikinsa, ni ce na rufe mata baki. Na ruga ofis, hedimasta ya ce, "Haba Malama, ai takarda ta riga ta tahi, ba a canza suna." Na roƙe shi har na ji kunyar kaina, ya ce ba a hannunsa abin yake ba.

Washegari na goge dokar nan da hannuna, na zo da rediyon marigayi a jaka. Kullum in an fita tara sai mu zauna ni da ita mu saurara. Ranar gasar ma haka muka yi, motar makaranta ta tafi da yaran uku, na ce wani malami ya raka su. Ba a yi wata biyu ba aka mayar da ita wajen gwaggonta a wani gari. Na ba ta rediyon ta tafi da shi, na koma gidan da yanzu babu ko muryar mai karanta labarai. Ban sake ganinta ba.

Mu da muke tsayawa a hanya mu gaisa da babba, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ban taɓa yi wa yaran ajina tambaya ɗaya daga ciki ba. Abin da na koya ke nan. Tun daga ranar, kafin in tambayi yaro abin da duniya ke ciki, sai na ce masa yaya aka kwana a gida, kuma in tsaya in ji amsar.