Ɗan Fari a Gwajin Maganin Zazzaɓi

A farkon shekarun 1990, yajin aikin malaman jami'a ya mayar da ni gida Ruwan Bago, a ƙasar Rogo, damina tana tsaka. Na tarar wasu masu bincike daga birni sun kafa zama a ƙaramin asibitin yankinmu, suna gwada maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a kan yara ƙanana. Dagaci ya sa an yi shela, an tara iyaye an yi musu bayani. Ruwan magani iri biyu ne, akwai sabo, akwai wanda aka saba da shi. Ƙuri'a ce take zaɓa wa kowane yaro nasa, ko ma'aikatan ba su san abin da ke cikin kowace kwalba ba. Duk mako a ba yaro cokali guda a gabansu, a tambayi yadda jikinsa ya kasance. Mutane sun karɓa hannu biyu, domin babu daminar da ba ma binne yara saboda zazzaɓi. Ban ga laifin gwajin ba a lokacin, har yau kuma ban gani ba.

Abin da har yanzu yake tafasa mini zuciya, da furfura a gemuna, doka ce guda da suka zo da ita. Uwar da ta haifi yaro ita kaɗai za ta dangwala yatsa, ita za ta shiga da shi, kuma ita kaɗai za a yi wa tambaya.

Ƙanwata tana aure a Tudun Kaya, a ƙasar Karaye. Da aka yaye ɗanta na fari, sai aka kawo shi wurin mahaifiyarmu, Inna, kamar yadda ake yi a danginmu. A ɗakin Inna yake kwana, ita take dama masa fura, ita take wanke masa wando. Ta wajen uwa mu Fulani ne, kuma kunyar ɗan fari a gidanmu ba abin wasa ba ce. Ƙanwata ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. In ya faɗi yana kuka, sai ta kau da kai har wani ya ɗaga shi. Baƙo zai ce rashin ƙauna ne. Mu mun san ladabi ne da aka koya mata tun tana yarinya, kuma mun san yana cinta a rai. Wannan matar ce mijinta yake ɗaukowa a babur duk mako, ta zo ta ba da shaida a kan yaron da ba ta kwana da shi.

Washegarin dawowata na raka su asibitin. Inna tana goye da yaron, ƙanwata tana binmu a baya kamar wadda hanya ce kawai ta haɗa mu. A bakin ƙofa muka sami ma'aikaciyar jinya, 'yar wajen Gwangwan, wadda Inna ta san iyayenta.

"Sannu da zuwa, Inna. Ina gajiya? Yaya angon naki?"

"Angon nawa ne ya sa na zo da magana, 'yar nan. Duk ranar da kuka ba shi abin nan, kashegari fitsarinsa sai ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba, daga baya ya washe. Na makon jiya ya fi na baya duhu."

"To na ji, Inna. Bari uwarsa ta shigo da shi ta faɗa."

"Uwarsa? Ita da take Tudun Kaya? Ko fitsarin nasa a babur ake kai mata ta duba?"

Matan da ke kan layi suka kwashe da dariya. Ita ma ma'aikaciyar ta dara, sannan ta sassauta murya ta ce, "Wallahi na sani, Inna, ni ma a ƙasar nan aka haife ni. Amma haka aka rubuto mana. Abin da uwa ta faɗa shi ake ɗauka."

Na sa baki na ce ni kawunsa ne, a bar ni in ga likita. Ta ce, "Likita sai ƙarshen wata, Malam. Kawu kuma ba ya cikin tsarin."

Inna ta kwance goyon ta miƙa wa uwarsa, domin uban yaro ya riga ya amince, ba ta da ikon janye shi. Ta ce wa ƙanwata, "Ki faɗa musu abin da na faɗa."

Tagar ɗakin a buɗe take, muna ji, matan layi ma suna ji, har da gwaggon mijinta a cikinsu. Wani saurayi cikin ma'aikatan ne yake tambayar. Ya ce, "Wannan ɗanki ne?" Ta kau da kai. Ya ce, "Yaya sunansa?" Ta sunkuyar da kai, sai ya karanta da kansa a takarda. Ya tambayi amai, ya tambayi zawo, ya tambayi ƙuraje. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, kamar ana ciro ta daga rijiya: "Inna ta ce..."

"Ba abin da Inna ta ce ba, Malama. Abin da ke kika gani da idonki."

Ta ce, "Ban ga komai ba."

Gaskiya ta faɗa. Aka ɗura masa cokalin.

Kashegari da hantsi yaron ya kasa zama. Tafin hannunsa ya yi fari, idonsa ya yi ɗorawa, wandonsa kuwa fitsari ya rina shi baƙi ƙirin. Muka tsayar da akori-kura mai ɗauke da buhunan gyaɗa, ya kai mu babban asibiti. Likitan can ya duba shi ya ce jininsa ya zube ƙwarai, in ba a ƙara masa a ranar ba, ba ya jin zai kai. Aka gwada jinin ubansa, bai dace ba. Aka gwada nawa, shi ma haka. Ƙanwata tana can ƙarshen baranda tun da muka iso, ta ba mu baya. Babu wanda ya kira ta. Ta taso ta wuce mu, ta shiga ɗakin gwajin jini, ta janye mayafi daga kafaɗarta ta miƙa hannu. Nata ya dace. Allah ya yi yaron yana da sauran kwana.

A ƙarshen wata na je na sami likitan masu binciken. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya yi mana jaje. Sannan ya shaida mini cewa tunda yaron ya daina zuwa, an sa shi a cikin waɗanda suka fita daga gwajin don kansu. Abin da ya faru a wani asibiti kuwa ba a gabansu ya faru ba. Ya ce mai yiwuwa ciwon shawara ne, mai yiwuwa zazzaɓin ne da kansa.

Na ce, "Mai yiwuwa ne, Likita. To ta yaya za ku sani?"

Ya ce, "Kai ɗan jami'a ne, ka san bincike sai da ƙa'ida."

Na sha tambayar kaina ko fushina yana da adalci. Ban san kwalbar da ƙuri'a ta ba yaron ba. Ba ni da hujjar cewa maganin ne. Dokar ma tana da dalili, don kada kowa ya ɗauko ɗan wani ya miƙa a gwada abu a kansa. Duk na yarda da wannan, amma fushin bai tafi ba. Abin da suka zo nema shi ne ko maganin yana cutarwa, ga tsohuwa ta kawo musu labarin har bakin ƙofa, suka bar ta a rana suka tambayi wadda ba ta gani ba. A sakamakonsu, ɗan ƙanwata yaro ne da bai taɓa samun matsala ba, ya gaji ya daina zuwa. Kowane gida a yankinmu yana da ɗan fari, da yawansu kuma a ɗakin kaka suke. Da irin wannan sakamakon ake yanke shawarar abin da za a ɗura wa 'ya'yan wasu a wata ƙasa.

Yanzu nakan ji masana suna tattauna abin da ya kamata a fara bincika don gyara gwajin magani a ƙasashe irin tamu. Ana maganar na'urori da firji da horar da ma'aikata, kuma duk ana bukatarsu. Ni dai da za a tambaye ni, a fara binciken wanda yake kwana da yaro a kowane gari kafin a rubuta wanda za a yi wa tambaya. A koyi yadda ake tambayar mace ba a gaban taga a buɗe ba. Sannan wanda ya daina zuwa a bi shi har gida, domin mai lafiya ba kasafai yake guje wa magani kyauta a tsakiyar damina ba. Wannan ma ilimi ne, yana bukatar a yi masa nazari kamar yadda ake yi wa abin da ke cikin kwalba.

Inna ta rasu. Yaron ya zama magidanci a Tudun Kaya, an yaye ɗansa na fari an kai wa ƙanwata. Da na je gaishe ta kwanakin baya, na same ta tana shanya wandunan jikan nata a igiya, tana ƙwala masa kira da sunansa har maƙwabta suna ji. Idan masu binciken suka dawo gobe da waccan dokar, ita za a tsayar a bakin ƙofa.