Burtalin da Ke Darasi na Huɗu

Ran Talata, sha biyu ga Maris na 2013, Gidaɗo ya shiga shagon Oga Dare da ke kusa da tashar Bagudo don a buga masa takardar neman aiki. Dare Bayerabe ne, ya daɗe a garin, yana zana wa mutane fasalin gini da kwamfuta. Ya karanta takardar, ya ɗaga kai ya ce, "Kai ka rubuta wannan da kanka? To bar neman aiki, ga aiki nan."

Aikin kuwa littafi ne. Magina da masu walda suna zuwa koyon manhajar zane, amma bayaninta duk Turanci ne, sai su yi kwana biyu su gudu. Dare yana son jagora da Hausa. Gidaɗo ɗan rugar da ke bayan Sharabi ne, ya gama sakandare, yana jin Fulatanci da Hausa da Turanci, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Dare ya ce hakan ya fi, domin duk inda ya ruɗe, nan masu koyo za su ruɗe.

Haka suka riƙa yi. Dare ya ja layi a allo yana faɗi da Turanci, Gidaɗo ya rubuta da Hausa, sannan su yi musanyar kujera, Gidaɗo ya bi abin da ya rubuta ya gani ko zai kai shi. Sau da yawa ba ya kai shi.

"Malam Fulani, shanu ma sun fi ka bin hanya," in ji Dare.

"Su ai ba Bayerabe ka ja masu gaba ba, Oga."

A darasi na huɗu, na zana fili da sa masa awo, suka yi gardama. Misalin Dare wani gida ne na ƙasar waje mai wurin ajiye mota biyu. Gidaɗo ya ce ba wanda zai gane shi, a kawo wurin da mutane suka sani. Ya zana daga ka inda ya tashi: gonar wani manomi Arzika, tsamiyar bakinta, mashaya, da burtali, hanyar da shanun rugarsu ke bi zuwa ruwa. Har sunaye ya sa, yana jin daɗi. Burtalin a ƙasa lanƙwasa yake yi, yana zagaye ta cikin gefen gonar. Amma ba a koyar da lanƙwasa sai darasi na bakwai, don haka ya ja shi miƙe. Dare ya ɗora masa lambobin awo da ya ga za su yi sauƙin bugawa. Miƙaƙƙen layin nan ya bar lanƙwasar duka a cikin gonar Arzika, ya tura hanyar kan wani kwazazzabo da saniya ba ta iya bi.

Littafin ya karɓu. Aka yi ta sake buga shi, ya kai Bahindi da Lolo, har magina daga tsallaken iyaka suna saye. A hannun wani magini shafin darasi na huɗu ya ɓalle, ya isa wurin Arzika.

Da ruwan farko Arzika ya nome lanƙwasar ya shuka masara. Garken Baffa Atiku, ƙanen mahaifin Gidaɗo, ya dawo daga kiwon rani a ƙasar Benin ya tarar da hanya a rufe. Aka kira kowa gaban maigari, aka aika Bagudo Gidaɗo ya zo.

Ya yi bayani iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce darasi ne, ba wanda ya auna, lambobin ma ƙirƙira ne.

Arzika ya ɗaga shafin. "Ranka ya daɗe, tsamiyag ga tawa ce ko ba tawa ba? Mashaya tana inda take? To komi daidai sai hanya? Kuma ba ni niz zana ba, ɗansu na, da inji."

Dare, wanda ya rufe shago ya biyo Gidaɗo, ya rantse cewa takardar ba ta da hatimin kowa. Mutane suka saurara, amma idonsu na kan shafin, da layukansa masu tsabta da lambobinsa.

Maigari bai karɓi takardar ba, bai kuma ce a tuge masarar da ta kai gwiwa ba. Ya ce a bar wa shanu siririn zirin da za su bi ɗaya bayan ɗaya, sai bayan girbi a sake zama. Garke ba ya tafiya haka. Cikin mako guda saniya ta shiga shuka, aka yi cacar baki, aka ɗaga sanduna.

Baffa Atiku bai yi wa Gidaɗo faɗa ba. Da Fulatanci ya tambaye shi, yana kwance maraƙi, "Ɗana, sau nawa ka bi hanyar nan da ƙafarka?" Kafin masara ta yi goyo, Baffa ya tayar da bukkokinsa ya koma da iyalinsa da shanunsa tsallaken iyaka. Gidaje biyu suka bi shi. Zaman bayan girbi ba a yi shi ba, don babu mai ƙara.

Gidaɗo ya ari babur ya bi kasuwanni da wuraren gini yana roƙon a ba shi shafin ya yage. Wasu suka ba shi, wasu suka ce kuɗinsu suka sa. Shi da Dare suka sake darasin da filin da babu shi a ko'ina, ba suna, ba itace. Masu koyo sun ce ya fi na farkon wuyar ganewa.

Dare ya koma Birnin Kebbi a 2017, ya bar masa shagon. Gidaɗo yana nan yana zana fasalin gidaje da shaguna, yana koyarwa ran Asabar, amma ba ya karɓar zanen gona ko na iyaka ko nawa za a biya. Baffa Atiku ya rasu a can tsallake a 2020. Gidaɗo ya je gaisuwa, aka karɓe shi, ya kwana biyu ya dawo. Lanƙwasar har yau gona ce.