Kwalabe Biyu A Likitar Tanut

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba na jin zai taɓa shekarar da na ja ƙanwata muka kai fitsari likitar Tanut, wato asibitin garin.

Lokacin na daɗe da aure a Gangara, ko ɓari ban taɓa yi ba, al'adata kuma ta zo yau, ta ɓace watanni. Sai muka ji wasu lokotoro, wato daktoci, sun zo suna karɓar fitsarin mata. Wai akwai wani sinadari a jikin mace, estrojan, shi ke tafiyar da al'ada da haihuwa, in jiki ya gama aiki da shi ragowarsa na fita a fitsari, ita suke aunawa. Kunya ta hana ni zuwa ni kaɗai, na lallaɓa ƙanwata, wadda aurenta bai rufa shekara ba, ta raka ni ta ba da nata.

Sajfam, wato ungozomar likita, ta ce ban da masu ciki. Ta dubi ƙanwata a gabana ta ce, "Ke, kina da juna biyu?" Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Muka kawo fitsarin farkon safiya a ƴan kwalabe, aka sa cikin ƙanƙara aka tafi da shi.

Da sakamako ya dawo, sajfam ta ce nawa ya yi ƙasa ƙwarai, sai na je Damagaram a ƙara dubawa. Sannan ta juya kan ƙanwata da faɗa. "Ke kuma kin rikita mutane! Naki ya zarce na kowa, har sun zaci na'ura ce ta lalace. Cikin nan ya yi ƙwari, me ya sa kika ce a'a?"

Ƙanwata ta ja gyale ta rufe fuska. "Hajiya, gaban Yaya zan faɗa?"

Gaskiyarta. A wajenmu wa ke ambaton cikin fari gaban yayarta? Amma ni a ranar ba kunyarta na gani ba. Yarinyar da na goya, na yi wa kitso, ita ce Allah ya ba abin da nake kuka a kai, har ya yi mata yawa. A motar komawa na juya mata ƙeya.

Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. In na ji an ce tana kwaɗayin tsamiya, sai tsamiya ta fita raina. Ranar suna na je na yi aiki kamar jaka, don kada a miƙo min jaririyar. Na yi ta zaryar Damagaram, na sha magani, shiru.

Bayan yaye, wata ranar kasuwa, sai ga ƙanwata da yarinyar a baya da ƙullin kayanta a ka. Ta sauke ta a cinyata.

"Yaya, kin san ƴar fari ce, ko sunanta ba na iya kira. Mun yi shawara da babanta tun tana ciki. Ki riƙe ta."

Na ce, "Tun tana ciki?"

Ta ce, "E mana. Wa nake da shi in ba ke ba?"

Nan na gane ba kunya ce kawai ta kawo ta ba. Ta miƙe ta nufi tasha da sauri, yarinya na tsala ihu tana miƙa hannu, ita ko ba ta waiwayo ba. Daga baya maƙwabciya ta ce ta gan ta a bayan mota tana kuka kamar an yi mata mutuwa.

Yau yarinyar ta zama budurwa, ni take kira Inna. Har yanzu in ta rungume uwarta ranar Sallah nakan ji ɗan tsinke a zuciya, sai in yi istigfari. Abin da na koya shi ne, kishi na toshe ido. Duk watannin da na yi ina ƙirga abin da ƙanwata ta samu, ita tana can tana shirin yanke rabin ranta ta kawo min.