Ranar da Na Rufe wa Gwangwani Baki

Ko na bar aikin nan, ba zan manta da ranar da muka haska fim ɗin manomin Yangoji ba. Lokacin an koma mulkin farar hula, kuɗi ya shigo Abuja, kowace ma'aikata tana son fim na wayar da kai. Ni ne edita a wani ɗan kamfani da ya kama sito a Idu. Ga wanda bai sani ba, edita shi ake zube wa duk abin da aka ɗauko, ya yanka, ya jera, ya ɗora sauti. In fim ya yi kyau a yabi darakta, in ya lalace a nemo edita.

Daraktarmu Hajiya Rakiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati, ba ta da wasa ko kaɗan. Labarin na wani manomi ne da ɗansa ya rasu saboda an yi jinkirin kai shi asibiti. To wa aka ba ya fito a matsayin uban? Malam Sabitu, wanda kowa ke kira Gwangwani, mutumin da ya tsufa yana ba da dariya a talabijin. Shi ya yi ta sintiri har aka ba shi. Ya ce min, "Edita, jikokina ba su taɓa ganina a fim ba sai ana bi na da tsintsiya. Ina so ko sau ɗaya su gan ni a mutum."

Ƙa'idarmu, kafin a miƙa fim sai an tara direbobi da ma'aikatan sito sun kalla, mu kuma muna kallon fuskokinsu. Aka zo wurin rasuwar. Gwangwani ya wage baki ya saki kuka, wallahi kamar injin markaɗe. Ni kuma da iyayina na ɗora masa sarewa mai ban tausayi, abin ya ƙara lalacewa. Ɗaki ya kece da dariya, har da mai buga benci. Malam Sabitu ya taya su, amma na ga lokacin da ya ɗauki hularsa ya sulale.

Hajiya ta ce, "A cire shi. Mutane sun riga sun sa shi a layin barkwanci, ba mai fitar da shi. A sake ɗauka da wani."

Raina ya ɓaci, don ni ma na yi dariyar. Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Ta ce, "In aka sake dariya, da kai da shi za a cire."

Na koma kan ɗanyen kaset, wanda ba a yanka ba tukuna. Ashe bayan an ce a yanke, wato a daina ɗauka, mai kyamara bai kashe ba. Ga Malam Sabitu zaune, kuka ya gajiyar da shi, ya ba da baya, yana jujjuya fartanyar yaron a hannu. Wannan wurin na zaɓa. Na zare kukan, na zare sarewar. A madadinsu na sa abin da muke kira shirun wuri, wato sautin da ake naɗa bayan an gama aiki kowa ya yi tsit. Na Yangoji akwai daka daga nesa, da wata kaza.

Washegari Malam Sabitu ya dawo da kyar, tare da matarsa, Inna Asabe. Yana fitowa a allo aka fara murmushi, ana jiran ya buɗe baki. Bai buɗe ba. Dakan nan kawai ake ji, shi kuma yana shafa ƙotar fartanya. Murmushin ya ɗauke. Direban da ya buga benci jiya sai ga shi yana fyace hanci. Da aka kunna fitila Hajiya ta daɗe tana gyara tabarau, sannan ta ce, "A bar shi yadda yake."

Malam Sabitu ya riƙe hannuna, idonsa ja. "Edita, wato duk tsawon rayuwata, wasana da ya fi kyau shi ne wanda ka rufe min baki?"

Inna Asabe ta ce, "Tun yaushe nake faɗa maka, Malam?"

A nan aka yi dariyar, kuma wannan karon har cikin ransa ya yi ta.

Shi ya sa ku sababbin shiga aikin nan nake muku faɗa in na ga kun cika fim da kiɗa. In wuri ya ƙi, kafin ku ƙara wani abu, ku fara duba abin da za ku cire. Kuma kada ku taɓa zubar da abin da aka ɗauka bayan an ce a yanke. Mun ba Malam Sabitu kaset ɗin fim ɗin ya tafi da shi gida, an ce jikokinsa sun kalla, ƙaramar ta zo ta zauna a cinyarsa tana ba shi haƙuri.