Fentin da na yi wa 'yar Italiya

Har yau ban manta da Larabar da Alhaji Nasiru ya zo duba motoci biyu a wani sito da ke Baiyun ba. Lokacin ina kasuwanci a ƙasar Sin, ofishina yana ginin Tianxiu, ina tura kayan gyaran mota Kano.

Alhaji mutum ne mai tara tsofaffin motoci, ba don hawa ba, don ajiya. A wannan zuwan yana neman irin ƙananan nan na da, masu gajeren baya, masu turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, waɗanda tayoyinsu huɗu duk suke ja. Ya ce wanda ya samo wadda ta kwanta masa, shi zai riƙa yi masa sayayya daga nan gaba. Mu biyu ya gaya wa: ni da Isufu, ɗan Maraɗi, sabon zuwa, wanda ofishinsa ke kallon nawa.

Ni na samo wata mota 'yar Italiya, wadda masu tarawa ke rububi. Isufu ya samo 'yar Japan, mai inji mai juriya, amma ba ta kai tawa suna ba. Na sayi tawa, na yi mata abin da kowane dillalin Kano zai yi: sabon fenti, sabbin kujeru, sabbin fitilu. Mai siton, wani dattijon Basine, ya yi ta girgiza kai yana cewa in bar ta. Na ɗauka ƙyuyar aiki ce.

Alhaji ya zagaya tawa sau ɗaya, ya buɗe ƙofa, ya shinshina.

"Malam Sabo, ina kujerunta na asali?"

"Sun yage, Alhaji. Na zubar."

"Fentin fa?"

"Ya koɗe, ranka ya daɗe."

"Ai koɗewar na zo saye."

Ya shiga ta Isufu, mai ƙura, fatar sitiyarin duk ta tsage, ya zauna kusan rabin awa yana shafa ta. Da ya fito ya ce mini, "Taka ta fi tarihi a tsere, ta fi wuyar samu. Da ka bar ta yadda ka gan ta, ko kallon wannan ba zan yi ba."

Isufu ya matso yana murmushi. "Yaya Sabo, ni ko wanke ta ban yi ba."

Ba zan ɓoye muku ba, wata biyu in na hango shi a bakin lif sai in bi matakala. Daga baya na ji ba sanin mota ya fi ni ba. Waya kawai ya yi wa Alhaji, ya tambaye shi ko a gyara ko a bari.

Mu hannunmu ya saba mayar da tsoho sabo, har mun manta akwai mai neman tsufan kansa. Ku tambayi mai saye kafin ku taɓa kaya. Isufu ne ke yi wa Alhaji lodi har yau, kuma duk ranar da na ga takardun Alhaji a hannunsa, sai in tuna da kujerun nan da na zubar.