Tambarin da Na Sato Don In Ci Gardama

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron kada rubutun nan ya tayar da abin da ya fara kwanciya. Amma shirun ya fi damuna.

Da can gyaran waya nake yi a kasuwar Tambuwal, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. A waya na san shafin nan na ilimi da kowa ke iya gyarawa. A ciki akwai labarin wani tsohon yaƙi tsakanin kakannin ƙauyenmu da na wani ƙauye a ƙasar Kebbe. An rubuta cewa ba a san wanda ya yi galaba ba. Mu kuwa da labarin cewa mun kore su har mun ƙwace tambarinsu muka tashi. Sai na gyara. Mutanen can suka mayar. Na sake, suka sake. Wani mai gyara daga Nijar, wanda ba shi da kowa a cikinmu, ya rubuta mini: "Malam, nan ba a son kai. Kawo hujja."

Da ƙaramin abu na fara. Wayoyin da aka kawo gyara na riƙa buɗe sunayen bogi da su a shafin, duk suna goyon bayana. Aka gane, aka rufe su. 'Yan majalisarmu suka sa ni gaba: "Sarkin Yaƙi, ina tambarin naka?"

Na hau babur na tafi ƙauyen nasu a matsayin mai neman tarihi. Ashe tambarin yana nan a wurinsu. Tsohon da ke riƙon tambarin ya dama mini fura, ya nuna mini ɗakin da ake ajiye shi. Ya ce, "Ɗana, ba a fiddo shi sai mai gari ya rasu. Ni kaina sau guda na taɓa jin muryatai." Ranar kasuwa da gari ya watse, na koma na sa shi a buhu. Na ɗauki hotonsa a zaurenmu, na ɗora a shafin, na ce gado ne daga kakanninmu.

Da hoton ya isa can, suka buɗe ɗaki suka tarar wayam. Tunda tsohon kaɗai ke shiga, suka ce shi ya sayar mana. Samari suka jefi gidansa, ya bar garin. Matasan ƙauyukan biyu suka fara zuwa kasuwa da gora a hannu. Zaurenmu da ya fito a hoton ne ya kawo 'yan sanda ƙofarmu, alƙali ya tura ni gidan yari.

Yanzu na fito, na tuba ga Allah. An mayar da tambari, an cire hoton daga shafin. Amma har yau hoton yana yawo a wayoyi, kuma na ji yaranmu suna nuna shi suna cewa ga shaida. Idan na ce ƙarya ce, sai su ce tsoro ne ya kama ni. Damina ta kusa, gonakinmu kuma iyaka ɗaya da na mutanen can.

Samari, in aka nemi hujja ba ku da ita, ku ce ba ku da ita. Kakanninku ba su aike ku ba.

Tsohon nan ya tafi kafin gaskiya ta fito. Dogo ne, yana ɗingisa ƙafar hagu. An ce an taɓa ganinsa wajen Dogon Daji. Don Allah wanda ya san inda yake, ko inda aka rufe shi, ya kai labari rumfar masu gyaran waya a kasuwar Tambuwal. Ban sani ba ko ya ji cewa an wanke shi.